Amsa ga Baba Alhaji, kan tambayar da ya yi mini a taron iyaye

Assalamu alaikum Baba Alhaji, da fatan an tashi lafiya, ya iyali ya kasuwa.

Ranar Asabar a taron iyayen yara ka miƙe gaban kowa ka ce, Malama, mun kawo yaranmu ne su ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ko mun kawo su asibitin mahaukata, me ya haɗa darasin adabi da zancen ciwon ƙwaƙwalwa? Mutane suka yi dariya, ni ma na yi murmushi na zauna, don ba tarbiyyar 'yar zango ba ce ta tsaya musu da sa'an ubanta a bainar jama'a. Amma tunda a fili aka yi tambayar, ka yi haƙuri amsar ma ta fito fili, don na san akwai iyaye da yawa daga unguwar Aboabo har Asawase a nan Kumasi da abin ke cin su a rai, kai ne dai ka iya furtawa.

Baba, ni ba likita ba ce, ban taɓa cewa ɗan wani yana da ciwo ba. Labari nake karantarwa a JHS, wato ƙaramar sakandare, shi ɗin da gwamnati ta ce a karantar. Abin da na ƙara kawai, in mun gama sai in ce, wannan yarinyar ta cikin labari da aka kai riƙo gidan gwaggonta, me kuke jin tana ji in dare ya yi kowa ya yi barci?

Ka san yaranmu. Ka tare ɗan shekara 13 ka ce me ke damunka, wallahi ko yana cin wuta a ciki zai sunkuyar da kai ya ce ba komai, haka muka raine su da kunya da kawaici, kuma ban ce laifi ba ne. Amma ka ba shi wani yaro na cikin takarda, sai ka ji baki ya buɗe, yana cewa ai tsoro yake ji, ai kewar mamansa yake, ai gani yake ba wanda ke son shi a gidan, kuma duk cikin ajin ba mai nuna shi da yatsa tunda ba shi ake magana ba. Akwai ranar da na sa su rubuta wa yarinyar labarin wasiƙa. A cikin takardun na tsinci wadda ta rubuta, na san ba kya barci, ni ma haka. Wata biyar yarinyar nan tana gabana, na ɗauka lalaci ke sa ta gyangyaɗi a aji, har na taɓa tsayar da ita a rana saboda haka, abin da har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Ban yi mata fatawa ba, na kira mamanta muka zauna, daga baya suka je aka duba ta.

Matsalarmu kalma biyu muka riƙe, ko lafiya lau ko hauka, tsakani ba komai. Alhali Hausa cike take da sunaye, damuwa daban, ƙunci daban, fargaba, zullumi, firgita, kewa, kowanne da irin nauyinsa. Su nake so yara su iya kira da sunansu, shi ya sa ko da Turanci muka karanta nakan bari mu tattauna da Hausa ko Twi, duk da Hausa ba ta cikin yarukan da ake rubutawa a BECE, wannan kuma wani kukan ne na wata rana.

Ka kuma ce wannan zancen Turawa ne, mu muna da addu'a. Baba kai ka fi ni sani, Annabi Yaƙub idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana ce mata shekarar baƙin ciki. Ta hanyar ƙissa aka koya mana wannan tun muna makarantar allo, ba wanda ya ce raunin imani ne. Ni ban hana tofi ko ruƙiya ba, ina dai cewa mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan maganinsa.

Ƙasar Ghana ma ta matsa. Tun 2012 akwai dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2023 kuma majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifukan da ake kai mutum kotu a kansu. Sai dai manyan asibitocin wannan fanni uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duk can kudu bakin teku, mu nan Kumasi sai dai sashen da ke asibitin Komfo Anokye da wasu asibitocin gwamnati. Kafin yaro ya kai can an daɗe ana cewa taurin kai ne ko iska ce, wani kuma tuni abokai sun miƙa masa tramol ya samu abin da ke kwantar masa da rai, kai ma kana ganinsu a bakin lungu in ka fito sallar asuba.

Batun BECE kuwa kar ka damu, tambayar me ya sa wane ya yi kaza a labari ita ce dai ake yi a jarrabawa, kuma yaron da bai runtsa ba jiya ba abin da zai zauna masa a kai ko na kwana ina bayani.

Ranar Alhamis bayan hutun safe nake da 'yan aji biyu. Na roƙi hedimasta ya yarda, akwai benci a baya kusa da taga, ka zo ka zauna ka ji da kunnenka, in ka ji abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyya ka faɗa mini a gabansu zan karɓa. Jikanka ma yana ajin, sai dai ka ja masa kunne kar ya ƙi magana don ya gan ka.

A gaida su Hajiya.

'Yarka,
Malamar adabi, Kumasi