Ga Masu Ƙera Ƙaramin Helikwaftan Soja: A Ɗauki Rula Kafin a Ɗauki Buroshi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan wani abu da nake gani a jaridu da shafukan sada zumunta: hotunan matasanmu riƙe da ƙananan jirage masu saukar ungulu da suka ƙera da kwali, gwangwani, soso ko roba. Basira dai akwai ta, kuma sun cancanci yabo. Damuwata ita ce yabo kaɗai muke ba su, ba ma nuna musu abin da ke raba abin wasan yara da samfurin da masanin jirgi zai kalla ya ce wannan jirgi kaza ne, ƙira kaza. Ba tsadar kaya ke raba su ba. Awo ne, da kallon hoto da idon basira, da haƙurin jiran fenti ya bushe.

Zan yi misali da Mi-24, jirgin yaƙin da ofishin ƙira na Mil ya fitar a Tarayyar Sobiyet. Ya fara tashi a 1969, ya shiga aiki a 1972, kuma Sojan Saman Najeriya na amfani da danginsa, wato Mi-35, shi ya sa matasa da dama shi suke kwaikwaya ko da ba su san sunansa ba.

Kuskuren farko tun kafin a yanka komai ake yin sa: mutum ya tara hotuna goma daga intanet ya ɗauki hanci daga wannan, wutsiya daga wancan. Alhali ƙire-ƙiren sun bambanta ƙwarai. Mi-24A na farko gidan matuƙansa faffaɗa ne mai kusurwoyi da gilasai shimfiɗaɗɗu. Daga Mi-24D aka koma kumburarrun gilasai biyu, mai harbi a gaba, matuƙi a bayansa kuma a sama da shi. Mi-24V na da bindiga mai baki huɗu ta milimita 12.7 da ke juyawa a ƙarƙashin hanci. Mi-24P ba shi da wannan; tasa mai baki biyu ce ta milimita 30, a manne a gefen dama na jiki, ba ta motsi. Shi kuwa Mi-35M an gajarta masa fukafukan gefe, ƙafafun tayoyinsa ba sa naɗewa ciki, bindigar hancinsa mai baki biyu ce ta milimita 23, farfelar wutsiyarsa kuma hannu huɗu gare ta a siffar X, ba uku irin na tsofaffin ba. Duk wanda ya gauraya sassan ƙire-ƙire daban-daban a jirgi ɗaya, ya ƙera abin da bai taɓa gani a hoto guda ba. Don haka a zaɓi jirgi ɗaya tak, mai lamba ɗaya, a nemi hotonsa ta gaba, ta dama, ta hagu da ta baya. Hotunan da aka riga aka wallafa sun wadatar. Kada sha'awa ta kai yaro bakin sansanin soja da waya a hannu.

Sai awo. Tsawon jikin Mi-24 kimanin mita 17.5 ne, faɗin da'irar babbar farfela mita 17.3, fukafukan gefe daga baki zuwa baki mita 6.5, farfelar wutsiya kuma kusan mita 3.9. Idan za a rage shi zuwa ɗaya bisa 72, sai a raba kowane awo da 72: jiki santimita 24.3, babbar farfela 24, fukafukai 9, ta wutsiya 5.4. A ɗaya bisa 48, jiki 36.5, farfela 36, fukafukai 13.5, ta wutsiya 8.1. A ɗaya bisa 35 jikin yakan kai santimita 50 cif. A lura da abu guda: faɗin babbar farfela ya kusa daidai da tsawon jiki. Yawancin waɗanda ake ƙerawa da ka, farfelarsu ba ta kai rabin haka, shi ya sa suke kama da fankar tebur da aka ɗora wa mota. Ga mai farawa na fi son ɗaya bisa 48, domin hannu na iya riƙe ƙananan sassa, kuma ba ya cin wuri.

Kauri ma awo ne, kuma nan ne aka fi sakaci. A ɗaya bisa 48, milimita ɗaya na nufin santimita 4.8 a jirgin gaske. Ke nan idan aka yanka ƙofa da kwalin katan mai kaurin milimita 4, an yi wa jirgi ƙofa mai kaurin santimita 19, kamar ta ɗakin ajiyar banki. Ƙofofi da ƙananan murafu a yi su da gwangwanin lemo da aka buɗe aka shimfiɗa. Hannayen farfela a yi su da siririyar roba, a goge bakin gaba ya yi ɗan tudu, na baya ya yi kaifi. Eriya kuwa silin waya ɗaya daga cikin igiyar lantarki ya isa.

Wanda ya samu kwalin sassan roba da ake haɗawa, irin na kamfanonin Zvezda, Hasegawa, Revell ko Trumpeter, an rage masa aikin awo, amma ba a rage masa na lura ba. A fara wanke sassan da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, saboda maiƙon da ke kansu daga masana'anta yana hana fenti kamawa. Kada a murɗe sashe a fizge shi daga firam ɗinsa. A yanke da abin yanke farce nesa kaɗan da jikin, a ƙarasa da reza, a goge da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000. Kowane sashe a gwada shi a mazauninsa ba gam tukuna. Cikin gidan matuƙa da ɗakin sojoji takwas da ke bayansa, a fente su kafin a haɗa ɓarin jiki biyu, don in an rufe buroshi ba ya shiga. Launin ciki ya bambanta tsakanin tsofaffi da sababbi, wasu shuɗi-kore, wasu baƙi, sai a bi hoton jirgin da aka zaɓa.

Kafin a rufe jikin akwai abin da in aka manta shi ba gyara: nauyin hanci. Jirgin na tsaye ne kan taya a gaba da biyu a tsakiya, wutsiyarsa kuma doguwa ce, don haka samfurin kan zauna da gindi hanci a sama. A ɗaure ɓarin biyu da salatif, a saƙala wutsiya da farfelarta, a riƙa cusa ƙwayoyin boris na keke ko guntun darma a ƙarƙashin kujerun gaba har hanci ya sauka, sannan a ƙara ƙwaya biyu ko uku. A manne su sosai, in ba haka ba za su riƙa yawo a ciki suna ƙara.

Layin da ɓarin biyu suka haɗu, a sama da ƙarƙashin ciki, dole ya ɓace, domin jirgin gaske ba shi da tsaga a tsakiyar bayansa. A shafa foti kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kwana, a goge da samfefa jiƙaƙƙiya. Foti mai kauri yana janyewa idan ya bushe, bayan mako guda tsagar ta dawo a ƙarƙashin fenti.

Kusurwoyi uku ne ke fitar da kamannin wannan jirgi. Fukafukan gefe ba a miƙe suke ba, sun sunkuya ƙasa da digiri 12, wato a kowace santimita 5 da aka fita daga jiki a sauka kimanin santimita 1. A yanka ɗan kwali mai wannan kusurwa a tokare fiffike da shi har gam ya kama. Na biyu, hannayen babbar farfela biyar ne, digiri 72 tsakanin kowane biyu, kuma idan aka leƙo daga sama tana juyawa ne irin juyin hannun agogo, saɓanin jiragen Amurka kamar UH-1 da Apache. Saboda haka bakin hannu mai tudu shi zai kalli inda hannun agogo ke tafiya. Na uku shi ne wanda mutane ke “gyarawa” su ɓata: an karkatar da babbar farfelar Mi-24 da digiri 2.5 zuwa dama idan aka gwada da jikinsa, da gangan, don rage jan gefe da farfelar wutsiya ke yi lokacin da jirgi ya tsaya cak a sama. Shi ya sa in ka dube shi ta gaba sai ka ga kamar a karkace yake. Haka aka yi shi, a bar masa abinsa. Farfelar wutsiya kuma, daga Mi-24D zuwa gaba, a gefen hagu take.

Jirgin da ke ajiye a ƙasa hannayen farfelarsa sukan lanƙwasa ƙasa saboda nauyinsu. A tsoma kowane hannu a ruwan zafi da bai kai tafasa ba na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗaure su duka biyar a jikin faranti ɗaya mai ɗan doro, a zuba ruwan sanyi. Yin su tare ne zai sa lanƙwasar ta zo ɗaya.

Gilashi shi ne idon jirgi, kuma sufa gulu ne babban maƙiyinsa. Tururin da yake fitarwa yayin bushewa yana barin farin hazo a cikin gilashin, inda hannu ba zai kai ba. A yi amfani da farin gam na kafintoci, wanda in ya bushe yake zama garai-garai. Mai ƙerawa da hannu zai iya sassaƙa siffar kumburin da katako mai laushi, ya goge ya yi sumul, ya ɗumama guntun robar gorar ruwa nesa da wuta har ta yi laushi, ya ja ta a kan katakon. Za a ɓata uku ko huɗu kafin ɗaya ya fito, don haka a tanadi gorori. Haka nan wanda ya sassaƙa jiki da farin soso irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, ya sani sufa gulu da fentin feshi na gwangwani duk suna narkar da shi. Sai an shafe shi da farin gam sau biyu ko uku ya bushe tukuna.

Yanzu ga fenti. Tinar fentin mota tana cin robar waɗannan sassa, tana sa ta yamutse kamar fatar da ta sha wuta. Fenti mai narkewa da ruwa ya fi aminci. A rufe gilasai da salatif ɗin takarda, a bi layin firam ɗin gilashin da sabuwar reza a yanke. A fara da shimfiɗar toka-toka mai haske, wadda za ta tona duk wata tsaga da ta rage. A sirka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a yi shafa uku sirara maimakon ɗaya mai kauri, don mai kaurin yana cike layukan jiki da kawunan ƙusoshi. Ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu. A tsarin Sobiyet da aka fi sani, ƙarƙashin ciki shuɗi ne mai haske, sama kuma ruwan ƙasa mai haske da dabbare-dabbaren kore. A zana iyakar dabbaren da fensir daga hoto, gefen dama daban, na hagu daban, domin ba lallai su zo iri ɗaya ba. Tsakanin launi da launi a jira awa 24 kafin a manna salatif, kuma a fara manna shi a bayan hannu ya rage danƙo, in ba haka ba ya taso da fentin ƙasa. Ƙaramin abu yakan fi duhu a ido, saboda haka ɗigo ɗaya na fari cikin goma na launi yana taimakawa, tayoyi kuma toka mai duhu ake musu, ba baƙi wuluk ba.

Yanayinmu na da nasa sharrin. Da tsakar ranar bazara feshi kan bushe a iska kafin ya isa jikin, sai ya sauka kamar yashi; a yi aikin da sassafe, a inuwa, inda iska ke wucewa, da takunkumi a hanci, gwangwanin feshi kuma a tazarar santimita 20 zuwa 25. Da hunturu ƙura ce matsala: ana gama shafa a kife roba mai tsabta a kai. Da damina laima kan sa banish ya yi fari-fari, gara a jira rana mai bushewa. Kada a shanya samfuri a rana don ya yi saurin bushewa, hannayen farfela za su murɗe.

Tambura da lambobi, ko jan tauraron Sobiyet ne ko da'irar kore-fari-kore ta Najeriya da harufan NAF na Sojan Saman Najeriya, suna son wuri mai santsi. A kan fenti mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su yi ƙyalli kamar azurfa. A fara shafa banish mai sheƙi, a jiƙa tambarin a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 15 zuwa 20, a zame shi daga takardarsa zuwa mazauninsa, a danne da auduga daga tsakiya zuwa baki. Washegari a rufe jirgin duka da banish marar sheƙi, sannan a cire salatif ɗin gilasai.

Dattin aiki shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan ya isa. Bututun hayaƙin injinan biyu suna gefe da gefe a ƙasan farfela, baƙin hayaƙinsu kan kwanta a jiki ta baya. A kankare bakin fensir ko gawayi ya zama gari, a ɗiba da busasshen buroshi, a ja daga bakin bututun zuwa baya yana dusashewa. Ƙasan ciki da tayoyi a ɗan shafa garin alli ruwan ƙasa. Idan za a rataya tukwanen roka a fukafukai, a ƙirga ramukansu: UB-32 ramuka 32 gare ta, B-8V20 kuma 20.

Ina fata, ranka ya daɗe, idan wakilanku suka sake zuwa ɗaukar hoton matashin da ya ƙera jirgi, su tambaye shi wace ƙira ce kuma ɗaya bisa nawa ya rage ta, a buga amsar a ƙarƙashin hoton.

Wassalam.

Daga wani mai karatunku, Kaduna.