A auna ƙasar lambu kafin a ce kowa ya shuka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan kiran da ake yi wa mazauna birane su riƙa noman lambu saboda tsadar abinci. Kira ne mai kyau, amma ba a ce komai ba kan ƙasar da za a shuka a ciki.

A Gusau, masu lambu da yawa takin juji suke zuba wa latas da alayyafo, tun da takin zamani ya fi ƙarfinsu. Jujin yau kuwa cike yake da leda, mataccen batir da baƙin mai, waɗanda za su iya sa guba irin ta dalma a ƙasar lambu. Mu Zamfarawa mun san illar gubar dalma: a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum, bayan ƙurar dutsen zinare ta gurɓata ƙasar tsakar gidaje.

Shawarata, malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau su haɗa kai da malaman gona da masu lambu, a ɗebi ƙasa unguwa-unguwa a auna. Kada sakamakon ya tsaya a takardun Turanci. A bayyana shi da Hausa a rediyo da ƙofar masu unguwanni, a nuna wa kowa takin da ya dace.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau.