Amsa Ga Malam: Me Ya Kawo Dariya Cikin Kai Kuka?

Allah ya gafarta Malam, assalamu alaikum.

A taron unguwa da aka yi a Aboabo, nan Kumasi, kan cushewar gota da ambaliya, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye mu, mu masu wasan kwaikwayo na zango: ruwa na cin ɗakuna, mutane za su fita kai kuka, me ya kawo labari da ban dariya a ciki? Ka ce wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa kallon 'yan kama. Magariba ta tashi taron ba mu amsa ba, shi ya sa muka rubuto.

Rabin maganarka mun yarda da ita, za mu zo kanta. Amma a fara duba ƙasar nan tamu, Ghana. Da aka kawo harajin VAT na kashi 17.5 cikin ɗari a 1995, waɗanda suka fita titunan Accra ranar 11 ga Mayu ba su sa wa tafiyarsu dogon sunan 'yan boko ba. Kume Preko suka ce da Tuwi, wato kashe ni gaba ɗaya in huta. Baƙar magana ce, mai sa murmushi da ɗaci tare, kuma mai tallan koko ta fahimce ta ba sai an yi mata lissafi ba. An rasa rayuka a ranar, kada wani ya ɗauka raha sulke ce. An dai janye harajin, sai 1998 ya dawo a kashi 10. Haka dumsor, kashe-kunna: kalma guda ta ɗauke dukan kukan wutar lantarki, har a 2015 mutane suka yi jerin gwano da fitilu da kyandir. A Techiman kuwa, bikin Apoo kwanaki ne da talaka ke waƙe laifin sarki a fili, ba a taɓa shi. Mu ma muna da tashe cikin azumi, inda yaro ke kwaikwayon dattijo marowaci, dattijon ya yi dariya ya ba da sadaka, ya kuma ji saƙon.

Ga yadda ake haɗa wasa irin wannan. Ana shiga gida biyar ko shida da ruwa ya taɓa, a zauna a saurara: ƙarfe nawa ruwan ya shigo, ina ya kai a bango, me ya lalace, wa aka gaya wa, me ya ce. Daga ciki labari ɗaya ake ɗauka, ba a gauraya su, domin labarin da aka yi wa faci da na mutum shida ba na kowa ba ne, kuma 'yan unguwa na ganewa. A nemi izinin mai labarin, a canza sunansa da sana'arsa. Abin da ba a ji daga baki biyu ba, a bar shi.

'Yan wasa uku sun isa, da mai ganga ɗaya: wanda abin ya sama, wanda ya kamata ya gyara, da maƙwabci mai tambaya a madadin 'yan kallo. Minti bakwai zuwa goma. Mutanen da ke tsaye a rana ba sa ba ka fiye da haka, daga nan sai hira ta ɓarke a baya. A sa amshi guda, gajere, wanda zai dawo sau uku, a faɗe shi da Hausa da Tuwi tunda titin Kumasi ba namu ba ne mu kaɗai. Bayan la'asar ake yi, a gama kafin kiran salla. Lasifika ɗaya ake miƙa wa juna, saboda haka ba a rubuta wurin da mutum biyu ke magana tare.

Babban abin da ke ɓata wasa shi ne Gizo. Tun muna yara a tatsuniya, Gizo ne ke cuta, kuma shi muke so. Tonawa ma haka suke da Ananse. To idan aka ba ɗan wasan da ya fi iya ban dariya matsayin jami'in da ya ci kuɗin kwashe bola, ya zo da tumbi da taƙama da zaƙin baki, shi za a tafa wa. Mutane su watse suna maimaita maganarsa, matar da katifarta ta jiƙe kuwa an manta da ita. Maganinsa a ba wadda aka cuta maganar da ta fi kaifi, shi kuma dariyar da za a yi masa ta fito daga kama shi da aka yi yana ƙarya, ba daga wayonsa ba. A kuma yanke dariyar kafin ƙarshe: minti biyu na ƙarshe ba raha, ba ganga. In an bar mutane suka yi dariya har suka ƙoshi, fushin ya huce, kowa ya koma gida da sanyin rai, gota na nan yadda take. Nan ne maganarka ta yi daidai, Malam. Shi ya sa wasa ba ya warware matsalar a kan dandali. Yana tsayawa ne a tsakiya, wani ya fito ya karanta buƙata ɗaya: wace gota, wa zai kwashe, zuwa yaushe.

Sai iyaka. Kai ka karantar da mu aya ta 11 ta Suratul Hujurat, kada wasu su yi wa wasu izgili, da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin sai gaskiya. A aikace, aiki ake yi wa dariya, ba halitta ba: ba gurgu, ba mai in'ina, ba karin harshen wata ƙabila. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Frafra da Dagaaba, yana tafiya ne don kowa na da damar ramawa. A lasifika ba wannan damar, ga kuma waya na ɗauka, gobe a yanko daƙiƙa ashirin a watsa a WhatsApp ba kai ba gindi. Kowane layi sai a tambaya: in shi kaɗai aka ji, me zai zama?

Doka ma na da nata. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma ana iya kai ƙarar neman diyya, kuma sashe na 207 da na 208 na dokar laifuka ta 1960, kan zagin da ka iya tada husuma da yaɗa labarin ƙarya, ana kama mutane da su. Don haka ba a kiran sunan kowa a wasa, ba a sa kayan da suka yi kama da na wata jam'iyya. Dokar taruka ta 1994 kuma ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin fita. Mu kuma sai mu ajiye kwafin takardar a hannun mutum biyu.

Rubutun wasan shafi biyu ne. Za mu kawo maka shi zaure ranar Alhamis bayan isha'i, kafin a fara gwaji. Duk layin da ka ga izgili ne, ka sa alƙalami ka soke.

Ɗaliban ka,
masu wasan kwaikwayo na zango, Kumasi