Maigidana ya fara takawa, amma bakinsa bai buɗe ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in faɗi abin da ya same mu, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da maigidana, ɓarinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi, da aka dage da gashi, wato motsa masa gaɓoɓi, a asibiti yanzu yana takawa da sanda. Maganar ce ba ta dawo ba. Yana gane kowa, yana jin abin da ake faɗa, amma in zai nemi ruwa sai ya ce takalmi, ya san ya yi kuskure, hawaye su zubo masa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma sunan autarmu ya gagare shi. Likita ya bayyana mana cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, inda magana take, kuma akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan, koya wa irinsa magana. Ya ce a gaggauta, don watannin farko ne aka fi samun ci gaba.

Nan wahala ta fara. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, duk wata ana yankar kuɗin inshorar lafiya a albashina, kuma tsarin ya haɗa da miji da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Asibitinmu suka rubuta takardar tura shi wurin mai koyar da magana, suka ce sai kamfanin inshora ya ba da lambar izini. Kamfanin kuma suka ce sun san da gashi, koyar da magana kuwa sai sun bincika. Mako uku ina zarya, ba e, ba a'a. Daga ƙarshe na cire daga aljihuna.

Ƙwararriyar da muka samo da ƙyar mutuniyar kirki ce, ta san aikinta, sai dai ba ta jin Hausa. Mutumin da ya yi shekara 58 yana cewa ɗaki da ƙofa, yaya za a dawo masa da harshensa da Turanci? Ni nake zama tsakaninsu ina tafinta, in mun koma gida in ɗauko hotunan yara da kayan kicin mu ci gaba.

Roƙona biyu ne. Tun da dokar inshorar lafiya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, a rubuta ƙarara, da Hausa, ko koyar da magana na cikin abin da ake biya, kuma zama nawa. Na biyu, hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu gashi da masu koyar da magana rajista, ta taimaka ta fitar da sunayensu jiha-jiha, tare da harsunan da kowannensu ke ji, a manna a asibitoci.

Ga 'yan uwana masu jinya kuma, kafin ku biya ko sisi, ku nemi amsar kamfanin inshora a rubuce. Ni ban yi haka ba, shi ya sa yau ba ni da takardar da zan nemi kuɗina da ita.

Wata ma'aikaciya,
daga Kano