Sanarwa kan zaren hunturun bana

Assalamu alaikum ƴan uwa masu saƙa, barkanmu da warhaka.

Hunturu ya ƙarato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kasuwar hula, safa da rigar sanyi take ci, don haka mai sayen zare ta saya tun yanzu. Da hazo ya sauka kuɗinsa kan hau, kalolin da ake nema su ƙare.

Zare mai kauri ake yayi, kuma da dalili: da babban kwarashi bargo ba ya ɗaukar lokaci. Amma don Allah kada a saƙa wa jariri hula da zare mai gashi-gashi, yana shiga hanci da baki. Akirilik, wato zaren roba, mai laushi ya fi wa jarirai, ga jure wanki. Ulun tumaki na gaske kuwa ruwan zafi da cuɗa na sa shi ya tsuke, ku riƙa gaya wa masu saye.

Zaren aiki ɗaya a saye shi lokaci guda, a duba lambar rini a jikin takardar zaren, don launi kan ɗan saɓa. Na auduga mu bar shi sai Maris, zafi ya shigo.

Mai son mu haɗa kuɗi mu yi sari ta rubuta sunanta kafin Juma'a.