Sanarwa ga ƴan rukuni: maganar zinari da zakka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana biyu hirarmu a nan ta koma farashin giram ɗin zinari da hotunan sarƙoƙin lefe, har sanarwar jana'izar maƙwabcinmu ta nutse a ciki, mutum uku kaɗai suka amsa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Neman halal ba laifi ba ne, ni ma a kasuwa nake wuni. Abin tsoron shi ne ranar da zuciya ta fara auna darajar mutum da abin da ke hannunsa. Mutanen Annabi Musa da kayan adonsu Samiri ya ƙera musu ɗan maraƙin da suka bauta wa. Ƙaruna kuwa ya ce iliminsa ne ya ba shi, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ba ma sai an je nesa ba: a 2010, nan kusa da mu a Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

Ku duba Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, kan masu taskance zinari da azurfa ba sa ciyarwa. Wanda ya ajiye kimanin giram 85 na zinari har shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in haƙƙin talaka ne. Hajiyoyinmu, na kwalliya hukuncinsa daban, ku tambaya.

Ranar Asabar bayan La'asar Malam zai zauna da mu a masallacin unguwa kan lissafin zakka. Kowa ya zo da tambayarsa.