Wasiƙa daga Kwatano

Kwatano,
17 ga Nuwamba, 2024

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa da ke nan Jidda. Saƙonka ya iso ni, na kuma ga tambayarka: tunda aikina na fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ya ja baya, me ya hana in tattara komatsaina in koma Maradi? Na kwana biyu ina juya maganar a raina, na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kai dai ba ka taɓa zuwa ba, to bari in soma da garin. Sunansa da Fonanci Kutonu, wato bakin kogin mutuwa, Faransawa suka mai da shi Cotonou, mu kuma muka ce Kwatano. Ƙauyen masunta ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, sai a zamanin Sarki Gezo na Dahome, wajen 1830, ya soma zama wurin ciniki, kuma cinikin farko na bayi ne. Babbar kasuwar bayin tana Wida, kilomita kamar 40 yamma da nan. Na je sau ɗaya na tsaya a bakin ruwan, Habu, jikina ya yi sanyi, domin cikin waɗanda aka loda daga gaɓar nan zuwa Bahiya ta Barazil har da Hausawa. Da cinikin mutane ya mutu sai manja da ƙwarar kwakwa suka maye gurbinsa. Faransa ta riƙe takardun da ta ce an ba ta garin a 1868 da 1878, Sarki Behanzin ya ce ƙasar kakanninsa ba ta kyautuwa, aka gwabza a 1890, aka sake a 1892, daga ƙarshe suka ɗauke shi zuwa Martinik.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Allah bai yi wa wurin nan mashigar jirgi ba. Gaɓa ce miƙaƙƙiya mai igiyar ruwa mai ƙarfi. Shekara da shekaru jirage can nesa suke tsayawa, a sauke kaya cikin ƙananan jirage a kawo su gindin wata doguwar gadar ƙarfe da Turawa suka miƙa cikin teku. Sai a 1965 aka buɗe tashar da muke aiki a yau. Fadar mulki a takarda tana Porto-Novo, amma shugaban ƙasa da ministoci da kuɗi duk suna nan, saboda tashar.

Ita kuwa tashar, kayan wasu take ci da su. Ƙasar Binin, wato tsohuwar Dahome, tana fitar da auduga da ƙwallon yazawa, amma shinkafa da motocin tokumbo da gwanjo da ake saukewa sun fi ƙarfin cikin mutanenta. Ka tuna muna yara, tireloli na shigowa Maradi cike da atamfa da taba, kwana kaɗan a ga sun bi ta Jibiya? Daga nan suke tasowa. Tun 1959 Dahome da Nijar suka haɗa hukumar jirgin ƙasa guda, sai dai layin dogon a Paraku ya tsaya, kilomita 438 daga teku, daga can sai mota har gadar Malanbil da Gaya. Yuraniyom ɗin Arlit ma a da ta hanyar nan yake gangarowa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 mun sha wuya fiye da shekara guda, muna cewa mun ga ƙarshen wahala.

Ashe da sauran aiki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka toshe gadar. An ɗage takunkumi a Fabrairun bana, Binin ta buɗe nata gefen, namu gefen har yau a rufe. Kayan Yamai sun koma Lome, su bi ta Burkina da rakiyar soja, tafiyar kwana biyar ta koma ta makonni. Mai daga Agadem kuwa yana biyo bututu kusan kilomita 2,000 har Seme, nan kusa da mu, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayu. Mai yana wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, buhun shinkafar talaka kuma sai an sauke shi a Malanbil an ɗora a kwalekwale. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Akwai wani direba ɗan Dogon Dutsi da nake yi wa takardun fito shekara tara. Shekaranjiya na same shi a gareji ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motarsa yana dafa shayi a kurfoti, tayoyin gaba sun sace, ciyawa ta tsiro a gindinsu. Ya zuba mini kofin farko, ya ce ya sayar da batir ya aika wa yara kuɗin makaranta. Matar da ke sayar mana da abinci a ƙofar tasha, Bafoniya ce, da tukunya uku take ɗorawa, yanzu ɗaya, ita ma ba ta ƙarewa. 'Yan kabu-kabu masu rawayar riga, da 'yan dako, da masu albasar Galmi a kasuwar Dantokpa, kowa ka taɓa kukansa ɗaya.

To ka ga dalilina. Shekarata goma sha shida a nan, a Zango aka raɗa wa 'ya'yana uku suna, kuma alhazan da suka amince mini da dukiyarsu suna da kwantenoni da ban gama fitarwa ba. Ba zan bar amanar mutane a bakin ruwa in tafi ba. Ina ɗan taɓa aikin masu kai kaya Paraku da Kandi, ana samun na cefane, alhamdu lillahi.

Idan ka je Harami ka sa mu a addu'a, Allah ya daidaita tsakanin shugabannin nan a buɗe gadar. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Sani ina nan ina cigiyar motar da ya yi magana, in na samu mai lafiya zan kira shi.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ilya